SAIWAR ITACE DA DAƁEN GEFEN TITI: DARASI DAGA BIRNIN SHEFFIELD

Daga Wakilinmu

Da asubahin ranar Alhamis, 17 ga watan Nuwamba 2016, wajen ƙarfe 5, mazauna wani titi da ake kira Rustlings Road a birnin Sheffield na ƙasar Ingila suka farka da jin ana buga musu ƙofa. Da suka leƙo sai suka ga ashe 'yan sanda ne, ana umartar kowa ya fito ya kawar da motarsa daga bakin hanya, domin ma'aikatan ɗan kwangila sun iso da zarton inji za su sare tsofaffin itatuwan da ke jere a gefen titin. Kafin hantsi an kayar da kusan dukan itatuwan da aka yi wa alama, an kuma kama mutum uku da suka yi ƙoƙarin hanawa, cikinsu har da waɗansu mata biyu 'yan fansho waɗanda shekarunsu suka kai 70.

Laifin da aka ɗora wa itatuwan nan shi ne wai saiwoyinsu sun ɗaɗɗaga daɓen gefen titi, watau wurin da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, sun kuma karkatar da duwatsun da suka raba daɓen da kwalta. Wannan matsala ce da duk wani birni mai itatuwa da kankare ya san ta, kuma in ba a yi hattara ba takan sa hukuma ta zaɓi ɗaya daga cikin munanan abubuwa biyu: ko ta sare itacen jama'a su rasa inuwa, ko kuwa ta zura ido daɓe ya farfashe mutane su yi ta tuntuɓe. Abin da ya faru a Sheffield da waɗansu birane ya nuna cewa akwai hanya ta uku, kuma sau da yawa ita ce ta fi arha.

YADDA SAIWA KE ƊAGA KANKARE

Mutane da yawa suna zaton saiwar itace nitsewa take yi can ƙarƙashin ƙasa gwargwadon tsawon itacen a sama. Masana ilmin itatuwa sun tabbatar ba haka abin yake ba. Mafi yawan saiwoyi ba su wuce zurfin ƙafa 2 zuwa 3 daga doron ƙasa, amma sukan bazu ta gefe har su ninka faɗin inuwar itacen sau biyu ko sau uku. Dalili kuwa shi ne saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, iska kuwa a kusa da sama take.

To, a nan ne bukatar injiniya da ta itace suka saɓa. Kafin a zuba kankare sai an bi ƙasa da rola an daddanne ta ta yi tauri, don kada daɓe ya lotsa daga baya. Ƙasar da aka danne haka ba ta da kafar da iska ko ruwa za su ratsa, saiwa kuma ba ta iya huda ta. Sai a haƙa ɗan rami a tsakiyar wannan ƙasa mai kama da dutse, a dasa itace, a kewaye shi da kankare, kamar an sa shi cikin tukunya. Idan itacen bai mutu ba, dole saiwarsa ta nemi mafita, kuma wuri ɗaya tak da za ta samu sauƙi shi ne tsakanin fallen kankaren da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. A nan ne raɓa ke taruwa a bayan kankare, a nan ne kuma ake samun 'yar kafar iska.

Lokacin da saiwa ta shiga wurin ba ta fi kaurin zare ba. Amma kamar yadda gangar jikin itace ke ƙara kauri kowace shekara, haka ita ma take ƙarawa, har wata rana ta kai kaurin dantsen mutum, ta ɗaga fallen kankare guda ta bar na kusa da shi a ƙasa. Wannan ɗan tudu da ke tsakanin falle da falle shi ne ke kayar da mutane. A ƙa'idar gine-gine ta ƙasar Amurka, wadda aka tsara domin naƙasassu, duk tudun da ya wuce rubu'in inci a kan hanyar tafiya sai an daidaita bakinsa.

Har ila yau ba kowace tsaga ce laifin itace ba. Wani bincike da aka yi a birnin Cincinnati na Amurka, aka buga shi a 2000, ya gano cewa irin ƙasar wuri da yadda aka yi aikin daɓen suna da babban hannu wajen lalacewarsa, kuma a shekarun farko daɓen da ba shi da itace kusa yana tsagewa kamar yadda mai itace yake tsagewa. Sau da yawa kankare ne ke fara tsagewa saboda ƙarancin siminti ko rashin kyakkyawan tushe, sa'an nan saiwa ta bi tsagar. In aka zo aka tarar da ita a ciki sai a ce ita ta fasa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

ABIN DA YA FARU A SHEFFIELD

A shekarar 2012 Majalisar Birnin Sheffield ta ƙulla kwangilar shekara 25 da wani kamfani mai suna Amey, a kan kuɗi kimanin fam miliyan dubu 2 da miliyan 200, domin sabunta titunan birnin da daɓen gefensu da fitilu, da kuma kula da itatuwan bakin hanya waɗanda yawansu ya kai wajen 36,000. Babu wanda ya yi musun cewa titunan birnin suna bukatar gyara, gama sun yi ƙaurin suna wajen ramuka. An shimfiɗa sharuɗɗa shida na sare itace: wanda ya mutu, da wanda ke kan mutuwa, da mai cuta, da mai hatsari, da wanda ke ɓata titi ko daɓe, da kuma wanda ke tare wa naƙasassu hanya.

A kan sharuɗɗa biyun ƙarshe ne rigima ta tashi. Mazauna unguwanni suka lura ana sare itatuwa lafiyayyu, waɗansu sun haura shekara 100, don kawai dutsen gefen titi ya ɗan kauce daga layi. Har itatuwan titin Western Road, waɗanda aka dasa a 1919 don tunawa da tsofaffin ɗaliban wata makaranta da suka halarci Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai da aka yi wa waɗansunsu alamar sarewa. A Rustlings Road kuwa, kwamitin masu ba da shawara da majalisar da kanta ta naɗa ya ce a bar mafi yawan itatuwan, amma ba a fito da rahoton nasa ba sai da asubahin ranar da aka sare su.

Daga nan jama'a suka fara tsayawa a gindin itatuwa don hana aiki. Majalisa ta garzaya Babbar Kotu a 2017 ta samo umarnin hana su, aka kawo masu gadi na haya da 'yan sanda, aka yi ta kame, har wata mata aka kama saboda busa ƙahon wasan yara. A watan Maris 2018, bayan da hukumar da ke kula da 'yancin samun bayanai ta tilasta a bayyana wani sashe na kwangilar, sai aka ga an rubuta adadin itatuwa 17,500 da za a maye gurbinsu cikin wa'adin aikin, watau kusan rabin itatuwan titunan birnin. A wannan watan ne aka dakatar da saran, bayan an riga an kayar da fiye da 5,000.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa ma'aikatanmu su lura da shi. Bayan zaman sulhu da Bishop na Sheffield ya jagoranta a 2018, aka yarda injiniyoyin kamfanin da wakilan masu kare itatuwa su riƙa zuwa tare su duba kowane itace da ya rage a jerin sarewa. Da aka ɗaga daɓe aka tona a hankali, sai aka ga a wurare da yawa saiwoyin ba su kai girman da aka zata ba, a waɗansu wuraren ma tarin tsohuwar kwalta ce da aka yi ta liƙawa shekara da shekaru ta yi tudu. Aka riƙa sa dutsen gefe marar kauri, ko a ɗan lanƙwasa layinsa, ko a faɗaɗa ramin gindin itacen, a sake shimfiɗa daɓe sumul. Da waɗannan ƙananan dabaru aka ceci mafi yawan itatuwan da a da aka ce ba su da makawa sai zarto.

A watan Maris 2023 Sir Mark Lowcock, tsohon babban jami'in agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka ɗora wa binciken al'amarin, ya fito da rahotonsa. Ya gano cewa adadin nan na 17,500 ya samo asali ne daga mummunar fahimtar wani rahoton ƙwararru, wanda ya ce yawancin itatuwan birnin sun manyanta, aka ɗauka wai sun kusa mutuwa ne. Ya kuma ce majalisar ta ɓoye wa jama'a da kotuna gaskiya. A watan Yuni na shekarar majalisar ta fito fili ta nemi gafarar mutanen birnin. Tun daga ƙarshen Nuwamba 2023 kuma doka ta wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila su tuntuɓi mazauna unguwa kafin su sare itacen bakin titi, sai fa wanda ya mutu ko yake da hatsari da makamantansu.

HAƘƘIN MAI TAFIYA A ƘASA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa maganin abin shi ne a ƙyale itace ya yi yadda ya ga dama. Birnin Los Angeles da ke Jihar Kalifoniya ta Amurka ya gwada wannan, ya kuwa ji a jikinsa. A shekarun 1950 da 1960 an dasa dubban itatuwa na wani iri ɗan asalin Asiya, dangin ceɗiya da durumi da muke da su a nan, saboda saurin girmansa da duhun inuwarsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda saiwar ceɗiya ko gamji ke rarrafe a doron ƙasa ya san abin da zai faru in aka matse irin wannan itace a ɗan tsukin wuri tsakanin titi da daɓe.

A dokar jihar ta 1911 mai gida ne ke da alhakin gyara daɓen ƙofar gidansa. A 1973 hukumar birnin ta ɗauke wa masu gidaje nauyin gyaran duk ɓarnar da saiwar itace ta yi, saboda a lokacin tana samun gudummawa daga gwamnatin tarayya. Bayan 'yan shekaru kuɗin suka ƙare, nauyin kuwa yana nan a wuyanta. Aka shafe fiye da shekara 20 ba a yin komai sai liƙin kwalta, har aka ƙiyasta cewa daga cikin mil 10,750 na daɓen gefen titunan birnin, kimanin mil 4,600 suna bukatar gyara. Kowace shekara kuma hukuma tana biyan miliyoyin daloli diyya ga waɗanda suka faɗi suka ji rauni.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu keken guragu da makafi da tsofaffi, domin tudun da mai ƙafa zai tsallake, ga mai keke katanga ce, sai dai ya gangara kan kwalta ya yi gogayya da motoci. A 2010 wani mai amfani da keken guragu, Mark Willits, tare da waɗansu, suka kai ƙarar birnin bisa dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990. A 2015 aka sasanta a kan cewa birnin zai kashe kimanin dala miliyan dubu 1 da miliyan 400 cikin shekara 30 wajen gyaran daɓe. Ke nan Sheffield ta yi asarar itatuwa da amincewar jama'arta saboda gaggawar sara, Los Angeles kuwa ta yi asarar dukiya saboda sakaci.

DABARUN SASANTAWA

Idan itace ya riga ya girma kuma ɓarna ta auku, akwai matakai da dama kafin a kai ga gatari. In tudun ƙarami ne, ana goge bakin fallen da injin wasa kankare har ya daidaita da na kusa da shi. In ya yi yawa, a fasa fallen a sake zubawa da ɗan gangare mai sauƙi ta yadda keke zai iya hawa, ko a karkatar da hanyar ta zagaye gindin itacen, ko a yi mata 'yar gada a kan saiwar a bar fili a ƙasa. A birnin Santa Monica, maƙwabcin Los Angeles, an gwada shimfiɗa fallayen roba da aka yi da tsofaffin tayoyi a farkon shekarun 2000, don a riƙa ɗaga su a duba saiwa a mayar, ko da yake ba ko'ina suka yi ƙarko ba.

Abin da ƙwararru suka fi yin kashedi a kansa shi ne datse manyan saiwoyi kusa da gindi. Saiwa ita ce turken itace. Gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka yanke ta a tazarar da ba ta kai faɗin gangar jikin itacen sau uku ba, ƙarfinsa na jure iska yana raguwa ƙwarai. Ana iya gyara daɓe yau, damina ta zo itacen ya faɗo a kan gida ko mota. Bugu da ƙari wurin da aka datse yakan ruɓe, ko ya fito da sababbin saiwoyi da yawa waɗanda za su koma ƙarƙashin sabon kankaren.

Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka babban aikin a lokacin dashe yake. Na farko, a zaɓi itacen da ya dace da faɗin wurin, a bar manyan itatuwa masu saiwar sama ga filaye da makarantu da tsakiyar manyan hanyoyi. Na biyu, a bar wa itace isasshen fili na ƙasa marar kankare. Na uku, a shimfiɗa tsakuwa wankakkiya mai kaurin inci 4 zuwa 6 a ƙarƙashin daɓe, domin tsakuwa ba ta riƙe danshi, saiwa kuma takan bi ta ƙarƙashinta. Akwai kuma faifan roba mai tauri da ake kafawa a tsaye cikin ƙasa a gefen daɓe, wanda ke tilasta wa saiwa ta yi ƙasa kafin ta ƙetare.

Dabarar da ta fi waɗannan duka ita ce wadda ta biya bukatar injiniya da ta itace a lokaci guda. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Cornell ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Nina Bassuk, suka haɗa fasasshen dutse kashi 80 cikin 100 da ƙasa mai yumɓu kashi 20. In aka danne wannan haɗi da rola, duwatsun ne ke cije juna su ɗauki nauyin daɓe, ƙasar da ke tsakaninsu kuwa tana nan sakwa-sakwa, saiwa ta bi ta cikinta ta yi zurfi. Birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jami'in itatuwansa Björn Embrén, ya faɗaɗa wannan tunani tun farkon shekarun 2000. Ana haƙa dogon rami a ƙarƙashin daɓe, a cika shi da manyan duwatsu, a kora ƙasa cikin kafofinsu da ruwa, sa'an nan a sa 'yan rijiyoyi masu murfin raga waɗanda ke shigar da iska da ruwan saman da ya gangaro daga titi da rufin gidaje. Daga baya suka fara gauraya garin gawayi da takin gargajiya a maimakon ƙasa, a 2017 kuma suka buɗe wata masana'anta mai mayar da sharar lambuna gawayi don wannan aiki. Da haka itace ya samu ruwa, magudanai suka samu sauƙin ambaliya, daɓe kuma ya zauna lafiya.

MU FA?

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah. Inuwar bakin titi a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 ta fi ƙarfin ado. A ƙarƙashinta mai jiran mota yake tsayawa, da mai faci, da mai sayar da goro, da ɗalibin da ya taso daga makaranta da tsakar rana. Dogon yaron da aka shigo da shi lardin Borno a 1928, wanda ya lulluɓe titunan Maiduguri, da manyan maɗatai da aka jera a tsofaffin unguwannin gwamnati na garuruwan Arewa, gado ne da waɗanda suka dasa su ba su ci moriyarsa ba kamar yadda muka ci. Ana iya sare maɗaci cikin awa guda, amma dashen da za a sa a gurbinsa sai ya shekara 20 ko 30 kafin ya ba da irin inuwarsa.

Yanzu da garuruwanmu ke faɗaɗa tituna suna kuma yi musu daɓe da magudanai na kankare, kowa yana iya ganin kurakuran nan biyu da idonsa. A wani wuri a share itatuwa kaf don layin magudana ya miƙe, a wani wurin kuma a zuba siminti har wuyan itace, ko a haƙa lambatu a datse rabin saiwoyinsa a bar shi yana jiran guguwar farkon damina. Alhali kuwa muna da abubuwan da ake bukata. Dutse da tsakuwa ba su yi mana wuya ba, ana kuma iya yin gawayi da karan dawa da ɓawon gyaɗa ba tare da an taɓa daji ba. Tubalan intalok da suka yaɗu a ko'ina sun fi zubin kankare dacewa da gindin itace, domin ana iya cire su a daidaita ƙasa a mayar, ruwa kuma yana ratsa tsakaninsu.

Abin da ya rage shi ne tsari. Ya kamata injiniyan Ma'aikatar Ayyuka da jami'in gandun daji da na hukumar tsara birane su zauna a kan taswira ɗaya tun kafin a ba da kwangila, a ƙidaya itatuwan da ke kan hanyar, a rubuta cikin takardar kwangila waɗanda za a bari da tazarar da ba za a haƙa ba daga gindinsu. A kuma ware kuɗin duba daɓe kowace shekara, domin goge ɗan tudu yau ya fi biyan kuɗin ɗorin karaya gobe. Ɗalibanmu na fannin injiniya da na gandun daji su ma lokaci ya yi da za a riƙa haɗa su a darasi ɗaya kan wannan batu, tun da a bakin titi ɗaya za su yi aiki. Idan kuwa ta kama dole a sare wani itace, to a sanar da mai unguwa da jama'arsa tun da wuri, a gaya musu dalili, a kuma nuna musu inda za a dasa madadinsa da wanda zai riƙa yi masa ban ruwa har ya kama.